Hugo Wolf (1860–1903): Raha da Halin Ɗan Adam a Waƙoƙin Fiyano na Jamusawa

Gabatarwa

A cikin al'adun kiɗa na ƙasashen da ke magana da Jamusanci akwai wani nau'in waƙa da ake kira Lied, jam'insa Lieder. Ma'anar kalmar a asali ita ce waƙa kawai, amma masana kiɗa sun keɓe ta ga abu guda, wato a ɗauki rubutacciyar waƙar wani sha'iri, wadda aka riga aka buga a littafi domin karatu, sai wani gwanin tsara kiɗa ya ɗora mata rauji na murya ɗaya tare da kiɗan fiyano. Mutum biyu ne ke gabatar da ita, mai rerawa da mai kaɗa fiyano, babu 'yan amshi. Wanda ya rubuta baitocin daban, wanda ya ɗora kiɗan daban, sau da yawa ma ba su taɓa ganin juna ba. Franz Schubert (1797–1828) ne ya ɗaukaka wannan fanni da waƙoƙi fiye da 600, Robert Schumann da Johannes Brahms suka biyo baya.

Abin da aka fi sanin waɗannan waƙoƙi da shi shi ne jigogin baƙin ciki: soyayyar da ba ta kai gaci ba, kaɗaici, dare, bege da mutuwa. Saboda haka mutane da yawa, har a cikin Turawan, suna zaton fanni ne na masu murtuke fuska. Mutumin da ya fi kowa ƙaryata wannan zato shi ne Hugo Wolf. Abin mamakin shi ne, a cikin manyan masu wannan sana'a da wuya a sami wanda rayuwarsa ta kai tasa ɗaci, ko wanda ya kai shi saurin fushi da wuyar zama da mutane.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Hugo Wolf ranar 13 ga Maris, 1860, a wani ɗan gari mai suna Windischgraz, a kudancin lardin Sitiriya na daular Ostiriya. Garin yana cikin ƙasar Sulobeniya a yau, sunansa Slovenj Gradec, gidan da aka haife shi kuwa ya zama gidan tarihi. Mahaifinsa, Philipp Wolf, majemi ne da ya gaji sana'ar fata ba da son ransa ba, domin zuciyarsa tana wajen kiɗa. Shi ya fara koya wa yaron fiyano da gogen Turawa tun bai kai shekarun shiga makaranta ba. A 1867 gobara ta cinye musu gida da wurin sana'a, tun daga nan iyalin ba su sake komawa wadatarsu ta da ba.

A makaranta Wolf ya wahalar da malamansa ƙwarai. An kai shi Graz, bai daɗe ba aka dawo da shi. An kai shi makarantar 'yan zuhudu ta St. Paul, harshen Latin ya gagare shi. An mai da shi Marburg, can ma bai kammala ba. Ba daƙiƙi ba ne, amma duk darasin da ba kiɗa ba ne bai ga dalilin ba shi lokacinsa ba. Da mahaifin ya ga haka sai ya haƙura, a 1875 ya bar shi ya shiga babbar makarantar koyon kiɗa ta Biyana, yana ɗan shekara 15. A can ya haɗu da wani ɗalibi sa'ansa, Gustav Mahler, wanda shi ma haihuwar 1860 ne. Sun yi abota, sun ma taɓa zama ɗaki ɗaya a lokacin da dukkansu ba su da ko sisi. Mai karatu ya riƙe wannan suna, zai sake fitowa a ƙarshen labarin.

A ƙarshen wannan shekara ta 1875 Richard Wagner ya zo Biyana domin gabatar da wasannin oferarsa, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Yaron ya riƙa tsayuwa a ƙofar otal ɗin da Wagner ya sauka, yana bin keken dokinsa da gudu domin ya buɗe masa ƙofa, har dai ya sami shiga wurinsa da 'yan rubuce-rubucensa. Wagner bai duba su sosai ba, ya dai sallame shi da kalmomin ƙarfafa gwiwa. Wannan ya ishe shi ya zama mabiyin Wagner har ƙarshen ransa. A 1877 aka kore shi daga makarantar saboda rashin ɗa'a, bayan ya gaya wa shugabanta cewa abin da yake mantawa a wurin ya fi abin da yake koyo yawa. Daga nan bai sake zama gaban wani malami ba. Da kansa ya koyar da kansa, ta hanyar zama da littattafan Schubert da Schumann da Wagner yana warware su dalla-dalla.

Shekarun Yawo da Aikin Jarida

Shekaru goma da suka biyo baya na talauci ne da sauye-sauyen masauki. Yana koyar da 'ya'yan masu hali fiyano, amma ba shi da haƙurin malami. A 1881 ya sami aikin mataimakin shugaban makaɗa a gidan wasa na Salzburg, cikin 'yan watanni ya yi faɗa ya bari. Abokai ne suka riƙe shi, wannan ya ba shi ɗaki, wancan ya ba shi abinci. Masu tarihinsa sun tafi a kan cewa wajen 1878 ne ya kamu da ciwon tunjere, wanda a wancan zamani ba shi da magani, kuma shi ne ya zama ajalinsa bayan shekara 25.

A 1879 ya kai wa Brahms waƙoƙinsa domin neman shawara. Brahms ya ce ya koma ya ƙara karatu wurin wani malami mai suna Gustav Nottebohm. Shawarar ba ta da aibu, amma Wolf ya ɗauke ta a matsayin wulaƙanci. A lokacin masu kiɗan Biyana sun rabu gida biyu, magoya bayan Wagner masu neman sabon salo, da magoya bayan Brahms masu riƙo da tsarin magabata, waɗanda babban matarkin birnin, Eduard Hanslick, yake jagoranta. Da Wolf ya sami aikin sharhin kiɗa a wata jaridar mako-mako ta masu hannu da shuni, Wiener Salonblatt, a 1884, sai ya mai da shafinsa fagen yaƙi. Shekara uku yana yi wa Brahms zambo, yana siffanta kiɗansa da rashin rai da rashin abin faɗi. Rubutun yana da kaifi, mutane suna karantawa suna dariya, amma mafi yawan hukuncin da ya yanke wa Brahms zalunci ne, tarihi kuwa bai goyi bayansa ba.

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya a watan Oktoba na 1886. Babban gungun makaɗan Biyana, ƙarƙashin Hans Richter, ya gwada wani dogon kiɗa da Wolf ya tsara mai suna Penthesilea. Makaɗan suka kaɗa shi a wulaƙance, suka ƙare da ƙyalƙyala dariya, Richter kuma ya bayyana cewa ya bari an kai ƙarshe ne kawai domin ya ga gwanintar mutumin da yake iya zagin Brahms. Wolf yana cikin zauren, ya ji komai da kunnensa. A watan Afrilu na 1887 ya ajiye aikin jarida, a watan Mayu mahaifinsa ya rasu ba tare da ya ga ɗansa ya zama wani abu ba.

Ya kamata a lura da wannan zango, domin shi ne zai fayyace mana bambancin dariya iri biyu. Dariyar da Wolf ya yi a jarida, da wadda aka rama masa da ita, dariya ce ta ƙasƙantar da mutum. Wadda za mu gani a waƙoƙinsa iri ce dabam, ko da yake hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Shekarar 1888

A farkon 1888 wasu abokansa, iyalin Werner, suka ba shi aron gidansu na hutu a Perchtoldsdorf, wani ƙauye a kudu da Biyana. Lokacin hunturu ne, gidan babu kowa. Ya tafi da littafin waƙoƙin Eduard Mörike (1804–1875), wani limamin coci na karkarar Suwabiya wanda bai ji daɗin limanci ba, ya yi ritaya da wuri ya koma koyar da adabi a Stuttgart. Ranar 16 ga Fabrairu ya ɗora wa waƙa ta farko kiɗa. Daga ranar zuwa watan Mayu ya gama 43, wata rana biyu, wata rana har uku. Kafin shekarar ta ƙare sun cika 53. Bai tsaya ba, ya shiga waƙoƙin Eichendorff, sannan na Goethe guda 51, sannan 44 daga waƙoƙin Sifaniya da aka fassara zuwa Jamusanci. Tsakanin 1888 da ƙarshen 1891 ya tsara waƙoƙi kusan 200, kuma a kansu ne sunansa ya tsaya.

Akwai abu biyu a halinsa na aiki da suka shafi malamin adabi kai tsaye. Na farko, sha'iri yake sa wa gaba. Da aka buga littafin Mörike a 1889, sunan Mörike ne a sama, hoton Mörike ne a shafin farko, sunan Wolf ya biyo a matsayin wanda ya ɗora kiɗa. In zai gabatar da waƙa ga jama'a, sai ya fara karanta baitocin da babbar murya kafin a taɓa fiyano. Na biyu, yana kiyaye lafazin harshe ƙwarai. Jamusanci harshe ne da ke ƙarfafa gaɓa ɗaya a cikin kalma, kamar yadda Hausa ke dogara da karin sauti da tsawon wasali, kuma duk mai ɗora rauji yana iya karya wannan ƙa'ida domin raujin ya yi daɗi. Wolf ba ya yarda da haka. Yakan bar murya ta bi tafiyar magana, ta tsaya inda mai magana zai tsaya, ta ɗaga inda zai ɗaga, ya bar wa fiyano ɗaukar nauyin tsarin kiɗan. Wannan dabara daga Wagner ya koyo ta, ya rage mata girma daga dandalin wasa zuwa ɗaki. Ita ce kuma ta buɗe masa ƙofar raha, domin duk wanda ya taɓa ba da labarin ban dariya ya san cewa rabin dariyar tana wajen sanin inda za a dakata.

Rahar da ke Cikin Waƙoƙin Mörike da Goethe

Waƙar da ya fara da ita a Perchtoldsdorf ta ban dariya ce. Wani yaro ne mai kaɗa wa sojoji ganga, yana gadin dare da yunwa, sai ya shiga tunanin da a ce mahaifiyarsa ta iya tsafi, da ta bi rundunar ta mai da gangarsa akushin abinci, sandunan kiɗan su zama wuƙa da cokali mai yatsu, takobinsa ya zama doguwar tsiran nama. Fiyano yana kwaikwayon ganga da tafiyar sojoji da alfahari, amma a hankali tafiyar tana sanyi, kalmomin suna tsinkewa, har barci ya kwashe yaron. Mai sauraro yana dariya, a lokaci guda kuma yana ganin cewa ƙaramin yaro ne da ke kewar uwarsa a bakin daga.

Wata kuma an gina ta ne kacokan a kan wasa da kalma. A Jamusanci kalmar da ke nufin sha ɗaya tana kama da sunan wasu 'yan mitsi-mitsin aljanu na tatsuniyoyinsu. Mai gadin ƙauye ya yi shelar ƙarfe sha ɗaya na dare, sai wani ɗan aljani da ke barci a daji ya farka yana zaton kiransa aka yi. Ya taso cikin magagi, ya ga ƙwari masu walƙiya a jikin katanga ya ɗauka tagogin gidan biki ne, ya leƙa, ya buga kai da dutse. Wolf ya ba kalmar sautuka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya sa su da nauyi a bakin mai gadi, sannan ya riƙa maimaita su siriri a can saman fiyano, ta yadda kunne zai ji kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu. Irin wannan waƙa tana nuna iyakar fassara, domin duk harshen da aka juya ta zuwa gare shi, dariyar tana zubewa a hanya.

Akwai ta makiyayin da shamuwa biyu suka ƙwanƙwasa wa taga da tsakar dare. A camfin Jamusawa shamuwa ce ke kawo jarirai. Makiyayin ya fahimci saƙon, ya fara lissafin hidimar suna, ɗan rago da 'yan kuɗi, ya ce su gaya wa yarinyar yana nan tafe nan da kwana biyu ko uku. Sai can ya tsaya cak, ya tambayi kansa me ya sa suka zo su biyu. Kiɗan ya tsaya tare da shi, muryar ta fito a tsorace tana tambayar ko tagwaye ne, sannan fiyano ya ɓarke da kaɗa fukafukai da rusunawar tsuntsayen, mai rerawa ya haura can ƙololuwar muryarsa. Duk waƙar tana tafiya ne zuwa ga wannan ɗan shiru guda. Akwai kuma ta mutumin da shi kaɗai uwarsa ta haifa, wanda ya shanye ƙaunar da ya kamata a raba wa 'ya'ya shida, ya kuma yarda da bakinsa cewa da dukan mutum shidan ma ya sha da ya fi zama mutum. Wata gajeriya tana siffanta ɗaurin auren manyan mutane inda amarya ke kuka, ango ya ɓata fuska, soyayya kuwa ba ta halarta ba. Wolf ya ɗora mata tafiya irin ta rakiyar gawa. Wannan habaici ne tsantsa: baitocin suna maganar aure, fiyano yana maganar jana'iza.

Waƙar da ya zaɓa ya rufe littafin da ita sunanta Abschied, wato bankwana. Wani mutum ya faɗo wa sha'iri ɗaki da dare ba sallama, ya ce shi ne matarkinsa. Ya ɗauki kyandir yana nazarin inuwar sha'irin a bango, ya yanke hukuncin cewa hancinsa ya wuce ƙima. Sha'irin ya nuna kamar ya yarda, ya saurari sauran surutun, ya raka baƙon da fitila har bakin matakala, sannan ya ɗan taimaka masa da ƙafa ta baya. Fiyano ya gangaro da mutumin daga sama har ƙasa, daga cikin wannan ruguguwa kuma sai rawar wals irin ta mutanen Biyana ta fito, ta ci gaba da murna bayan murya ta yi shiru. Galibi ana fassara waƙar da cewa ramuwar gayya ce a kan Hanslick da jama'arsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kada a manta, wanda ya tsara ta bai cika shekara da barin aikin tarke ba, kuma a zamaninsa babu matarkin da ya kai shi auna hancin mutane. A ganina mutumin da ya gangara matakalar yana da kama da Wolf ɗin kansa.

A cikin na Goethe akwai wadda ya tsara a watan Disamba na 1888 domin ranar haihuwar Melanie Köchert, matar wani attajiri mai sayar da kayan zinariya da lu'ulu'u, wanda shi ne ya samo masa aikin jarida. Waƙar tana ba'a ne ga sarakuna uku da al'adar Kirista ta ce sun kai wa Annabi Isa ziyara yana jariri, ta nuna su a matsayin masu son ci da sha amma ba sa son biya. 'Ya'yan Melanie mata su uku ne suka sa kayan sarakunan suka rera, Wolf yana kaɗa fiyano a bayan labule. Kowane sarki yana da tasa tafiyar, a ƙarshe kiɗan ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Melanie ita ce macen da ya so tsawon rayuwarsa, a ɓoye. Mijinta ya gano a 1893, duk da haka bai janye taimakon da yake yi masa ba.

Littafin Waƙoƙin Italiya

Inda fahimtarsa ga halin ɗan Adam ta kai matuƙa shi ne littafin da ya kira na waƙoƙin Italiya. Baitocin waƙoƙin baka ne na talakawan Italiya, mafi yawansu daga lardin Tuskani, ba a san waɗanda suka ƙirƙire su ba. Paul Heyse ne ya fassara su zuwa Jamusanci ya buga a 1860. Wolf ya tsara 22 a 1890 da 1891, sai ilhamar ta ɗauke masa ɗif. Daga 1892 zuwa 1894 kusan bai ƙirƙiri sabon abu ba, wasiƙunsa na lokacin cike suke da ƙunci. A bazarar 1896 ya koma kan littafin, ya tsara sauran 24 cikin mako biyar, suka cika 46, kuma kunne ba ya jin inda aka yi ɗinkin.

Waƙoƙin gajeru ne, yawancinsu ɗango shida ko takwas, ba sa wuce minti biyu. Ba su da maganar tsaunuka ko dazuzzuka, saurayi ne da budurwa kawai, da abin da ke gudana tsakaninsu: yabo, kishi, gori, zolaya, fushi da sulhu. Abin lura shi ne yadda aka raba halayen. Saurayin yawanci mai kambama masoyiyarsa ne har sama, budurwar kuwa ita ce mai kaifin baki da buɗaɗɗen ido. Wata tana ba da labarin saurayin da ya gayyace ta cin abinci alhali ba shi da gida, ba itace, ba murhu, tukunyar a fashe, burodin kamar dutse, wuƙar kuma ba ta yanka. Wata tana kukan ƙanƙantar nata saurayin, wanda dodon koɗi ya firgita, ƙuda ya kayar. Ta tsine wa ƙudaje, ta kuma tsine wa duk macen da sai ta sunkuya ƙasa sosai kafin ta sumbaci nata, amma kiɗan yana da taushin da ke tona asirin cewa tana son abinta. Wata ta gaji da mai yi mata waƙa a ƙarƙashin taga, ta ce gara kukan jaki, fiyano kuwa tun daga farko yana ta kukan jakin. Ta ƙarshe a littafin yarinya ce da ke lissafa samarinta gari-gari, ɗaya nan ɗaya can, huɗu a wani gari, goma a wani, jimla 21, fiyano ya rufe da gudu kamar doki ya tsinke linzami.

Wadda aka fi ambato ita ce ta yarinyar da ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta saurayi makaɗi. Addu'arta ta karɓu, ga shi nan tafe, kyakkyawa, ya sunkuyar da kai zai goga gogensa. A nan baitocin suka ƙare, ba su ce komai game da iyawarsa ba. Wolf ne ya ƙara sauran. Bayan murya ta yi shiru, fiyano ya kwaikwayi gugar saurayin, a tsorace, yana tangaɗi, yana lalube, har ya isa ga wata 'yar karkarwar sauti ta ƙarshe da ƙyar. Da mai sauraro ya ji haka sai ya waiwaya ya gane dalilin da ya sa muryar yarinyar take da nauyi tun farko. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa fiyanon Wolf mai sharhi ne. Yana iya gaskata abin da murya ta faɗa, yana iya ƙaryata shi, yana iya faɗin abin da mai maganar yake ɓoyewa. A waƙoƙin faɗa da yawa yarinyar tana korar saurayi da baki, tana ce masa ya tafi wurin waccan da ya fi so, amma a wata gaɓa guda sai muryar ta karye, a ji cewa kuka ne ke kusa.

Ɗalibin da zai koyar da waƙa yana da abin ɗauka a nan ko da bai taɓa ganin fiyano ba. Baiti ɗaya yana iya zama yabo ko gatse gwargwadon yadda aka furta shi, saboda haka karanta waƙa a bayyane a gaban aji fassara ce, tun kafin a fara sharhin jigo da salo.

Ƙarshen Rayuwarsa

Sunansa ya fara yaɗuwa tun daga 1890, musamman a kudancin Jamus, aka kuma kafa ƙungiyoyin tallata waƙoƙinsa a Balin da Biyana. Amma shi bai gamsu ba. Yana ganin laƙabin mai tsara gajerun waƙoƙi ragi ne gare shi, burinsa ofera. Ya daɗe yana neman labarin ban dariya, a 1895 ya tsara Der Corregidor, a kan wani labarin marubucin Sifaniya Pedro Antonio de Alarcón game da tsohon hakimin da ke neman matar mai injin niƙa. An fara nuna shi a Mannheim ranar 7 ga Yuni, 1896. An yaba kiɗan, amma wasan bai zauna a dandali ba, domin gwanin minti biyu bai iya jan zaren labari na sa'o'i ba. A wannan shekara ce abokansa suka kama masa gida, karo na farko da ya zauna a wurin da zai kira nasa, yana ɗan shekara 36. A watan Maris na 1897 ya tsara waƙoƙi uku a kan baitocin Michelangelo, masu maganar tsufa da gushewar komai. Su ne na ƙarshe.

A 1897 ɗin ne Mahler ya karɓi ragamar gidan ofera na fadar Biyana. Wolf ya sa rai tsohon abokin zamansa zai nuna wasansa, Mahler ya ja da baya. A watan Satumba, yana tsakiyar aiki dare da rana a kan sabuwar ofera, hankalinsa ya gushe. Ya riƙa shaida wa abokai cewa shi aka naɗa shugaban gidan oferar, kuma aikinsa na farko shi ne sallamar Mahler. Aka sa shi a keken doki da sunan za a kai shi fada a tabbatar masa da muƙamin, aka wuce da shi asibitin masu taɓin hankali. An sallame shi a watan Janairu na 1898, ya ɗan yi yawon shan iska, amma a watan Oktoba ya yi yunƙurin nutsar da kansa a tafkin Traunsee. Bayan haka shi da kansa ya nemi a mai da shi asibiti. Tunjeren ya riga ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sai a 1905 aka gano ƙwayar da ke haddasa cutar, maganin farko mai tasiri kuwa ya fito a 1910.

Ya yi shekara huɗu da 'yan watanni a asibitin gwamnati na Biyana, jikinsa yana shanyewa sannu a hankali, har ya daina gane mutane. Ƙungiyar masoya waƙoƙinsa da wasu abokai ne suka riƙa biyan kuɗin jinyar. Melanie Köchert tana zuwa duba shi sau uku a mako har ƙarshe. Ya rasu ranar 22 ga Fabrairu, 1903, saura 'yan makonni ya cika shekara 43. An binne shi a babbar maƙabartar Biyana, kusa da Beethoven da Schubert, kuma ba nisa da Brahms, wanda ya riga shi a 1897. Mahler ya nuna Der Corregidor a gidan oferar a watan Fabrairu na 1904. Melanie ba ta warware daga rashin ba, a 1906 ta faɗo daga benen gidanta ta mutu.

A 1931 wani Baturen Ingila, Walter Legge, ya shawo kan kamfanin His Master's Voice ya ɗauki waƙoƙin Wolf a faifan garmaho, da sharaɗin a fara samun masu biyan kuɗi tun kafin a buga. Mawaƙiya Elena Gerhardt ce ta rera kundi na farko, wasu kundaye biyar suka biyo baya kafin yaƙin duniya na biyu, kuma ta wannan hanya ce waƙoƙin suka isa kunnen mutanen da ba sa jin Jamusanci.